Alkama ce ke cinye ƙashin yarinyata, mu kuma muna ta maganin taifot

Karaya ce ta tona mana komai. Yarinyata na da shekara 7 a lokacin, ta zame daga kan dakalin ƙofar gida, dakalin da ko gwiwata bai kai ba wallahi, sai ga wuyan hannu ya karye. Surukata, Hajiya Babba muke ce mata, ta ce a kira mai ɗori, Abbansu ya ce a'a a fara zuwa asibiti a ɗau hoto tukuna. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya sa mata filasta, sannan ya ce min "Hajiya, karayar ba ita ce ta dame ni ba, za ta haɗe, ƙashin ne nake ganin bai yi kaurin na mai shekarunta ba, akwai wani ciwo da take fama da shi ne?"

Toh me zan ce masa. Tun tana shekara uku muke abu ɗaya, ciki ya kumbura kamar ganga ga ƙafafu sirara, gudawa ta zo sati biyu ta tafi ta dawo, bayan gidan nan fari-fari mai maiƙo mai wari wanda ko ruwa ka zuba da ƙyar yake tafiya. Maganin tsutsa mun sha ba adadi, na taifot kuwa duk kemis ɗin unguwarmu sun san mu, an ce shawara ce an jiƙa, an ce ɗankanoma ne an yi. Jininta kullum a ƙasa, wata shida tana shan maganin ƙarin jini amma in aka auna kamar ba a sha komai ba. Da dare ta tashi tana kukan ƙafa, har sau biyu muka sake gwajin sikila saboda na kasa yarda, duka biyun AA. Ƙanenta da ta ba shekara biyu ya kamo ta a tsawo har ana tambaya ko 'yan biyu ne. Haƙoranta na manya da suka fito ma da wasu rami-rami da ɗigon rawaya suka fito, ni duk a zatona alewa ce.

Aka tura mu wajen wata likitar yara, Allah ya saka mata da alheri, ita ce mutum ta farko da ta ce in lissafo mata abin da yarinyar ke ci daga safe har dare. Shayi da burodi, biskit a makaranta, Indomie in an dawo, taliya da manja, cincin, gurasa in Abbansu ya shigo da ita, tuwon semo ranar Juma'a. Ina lissafi tana rubutu, da na gama ta juyo min da takardar ta ce in duba da kaina, kusan duka alkama ce ta canza kaya kawai. Ta ce akwai cuta ana ce mata siliyak, wani sinadari ne a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi, sunansa gulutin, shi ne ke sa ƙullin fulawa ya yi danƙo, a jikin wasu mutane in ya shiga hanji sai sojojin jiki su tashi su far wa hanjin da kansa.

Nan take na ce to daga yau an daina, ta ce "a'a Hajiya, kar ki kuskura." Wannan shi ne abu na farko da nake so duk uwar da ke karantawa ta riƙe. In aka cire alkama kafin a yi gwaji, alamar da ake nema a jini sai ta sauka, hanjin ya fara warkewa, rizol ya fito kamar lafiya lau, ke kuma ki zauna cikin ko ita ce ko ba ita ba ce har tsawon shekaru. Haka na koma gida na ci gaba da yanka mata burodi da hannuna ina zargin shi ne gubar, wannan makonnin sun min nauyi sosai, amma gaskiyar likitar ce.

Gwajin jinin sunansa tTG-IgA, kuma ana haɗa shi da auna jimillar IgA ɗin jiki, wato wani nau'in sojan jiki da tes ɗin ke dogara a kansa, don akwai yaran da dama can nasu ƙasa yake, a wajensu tes ɗin zai iya nuna babu alhali akwai. Ba a yi a lab ɗin da muka je ba, Legas aka tura jinin, sati biyu da kwanaki muna jira. Da ya dawo ya ninka iyakar da ake so fiye da sau goma. Likitar ta ce a ƙa'idar da likitocin cikin yara na Turai suka fitar a 2020, in ya kai ninki goma kuma wani tes ɗin na biyu mai suna EMA ya tabbatar a wani jinin daban, ana iya yanke hukunci ba sai an leƙa hanji ba, amma ita ta fi so a leƙa tunda abu ne na har abada za a ɗora wa yarinya kuma samun EMA ɗin wata wahalar ce. Muka yarda. Ba ci ba sha tun dare, da safe aka sa ta barci, aka zura siririn bututu mai kyamara ta baki har farkon ƙaramin hanji aka tsinko 'yan ƙananan tsoka kamar ƙwayar gero. Bai kai minti talatin ba. Da yamma har tana neman abinci.

Yadda aka min bayanin sakamakon ba zan manta ba. Ta ce ki ɗauki sabon tawul, kin ga gashin nan nasa da ke tsotse ruwa, haka cikin hanji yake, da 'yan gashi-gashi da ke tsotse amfanin abinci. Na yarinyarki ya zama kamar tsohon tawul da ya sha wanki ya suɗe, ruwa sai dai ya bi ta kai ya wuce. Kuma wurin da cutar ta fi ci, wato farkon hanjin, nan ne jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarin jini da kalsiyam. A take na gane dalilin da wata shida na maganin jini ya tafi a banza.

Maganar ƙashi kuwa a nan na fi daɗewa ina tambaya, don abin ya ɗaure min kai. An auna kalsiyam na jininta ya fito daidai, har na yi hamdala, sai likitar ta ce kar wannan ya ruɗe ni. Jiki ba ya yarda kalsiyam ɗin jini ya faɗi saboda zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki, to in hanji bai kawo ba, akwai wasu 'yan ƙananan ƙulli a wuya da ke aika saƙo a je a kwaso daga ƙashi. Jini ya cika, ƙashi ya rame, ba wanda ya sani. Ga bitamin D shi kuma da maiƙo yake tafiya, maiƙon da nake gani yana fita a bayan gidanta, nata ya fito ƙasa sosai duk da ranar Kano. Ga kumburin hanjin kansa yana sakin wasu abubuwa a jini masu ƙara zaizaye ƙashin. Ta ce ƙashi kamar asusu ne, yarinta da kuma lokacin balaga shi ne lokacin zubi, zuwa shekara 20 an tara mafi yawan abin da mutum zai rayu a kai, musamman mace da ke da ciki da shayarwa da tsufa a gabanta. Yarinyata shekara huɗu ana fasa asusunta ana ɗiba.

Sai ta rubuta mana hoton auna ƙarfin ƙashi, DXA ake rubutawa, deksa suke faɗa. Hoton da aka ɗauka ranar karaya ba ya iya auna wannan, sai ƙashi ya yi asara mai yawa kafin ya nuna a irinsa. Abuja muka je, kuɗin mota da masauki da na hoton kansa sai da muka taɓa adashena. Abin kansa ba wahala, an cire mata ɗankunne da duk abu mai ƙarfe, ta kwanta a kan wani gado wani hannu na inji yana bi ta samanta a hankali, ba allura ba zafi, wajen minti goma sha biyar, wahalar kawai a hana yarinya motsi. Hasken da ke shiga jiki ma bai kai na hoton ƙirji ba. An ɗauki gadon baya na ƙasa da kuma jiki gaba ɗaya banda kai.

A mota na buɗe takardar na ga wata lamba mai ban tsoro an ja mata layi, na yi ta kuka har Kaduna. Da muka kai wa likitarmu ta ce wannan lambar T ce, ana kwatanta mutum ne da babban da ƙashinsa ya gama cika, ba a amfani da ita ga yara sam, bai kamata ma a buga ta a takardar yarinya ba. Ta yara ita ce lambar Z, wadda ke kwatanta ta da sa'o'inta mata masu shekarunta. Tata ta fito -2.2, kuma daga -2 zuwa ƙasa shi ake kira ƙashi bai kai na shekaru ba. Ta ƙara da cewa yaro gajere ƙashinsa ƙanana ne, injin kan nuna shi ƙasa fiye da gaskiya, don haka sai an duba da tsawonta. Sannan ta faɗi maganar da ta riƙe ni duk wannan lokacin, ta ce yaro in aka gano da wuri aka cire gulutin tsaf, ƙashinsa kan farfaɗo sosai cikin shekara ɗaya zuwa biyu, da yawa har su kamo sa'o'insu, babba kuwa in aka gano a makare sau da yawa ba ya dawowa duka. Babu allura ko ƙwaya da ke warkar da siliyak, maganin a tukunya yake.

Na zata zai yi wuya a rasa abin ci, ashe mu Hausawa Allah ya rufa mana asiri ta nan. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, doya, dankali, rogo, gyaɗa, babu gulutin a ko ɗaya. Tuwon shinkafa, tuwon masara, fate, dambu, alale, ƙosai, kunun gyaɗa, fura, waina, sinasir, duk nata ne. Abincin kakanninmu kenan, mu ne muka koma burodi da taliya don sauri. Inda matsalar take ita ce fulawar da ke shiga inda ba ka zata. Ɗanwaken yanzu yawanci da fulawa ake yi, na koma na garin wake da rogo da kuka. Mai wainar layinmu da na tambaye ta ta ce tana ɗan barbaɗa fulawa don ta yi laushi. Semo alkama ce, kuskus alkama ce, alkaki da dubulan da funkaso da fanke ba sai an faɗa ba. Kayan kwali da na gwangwani kuwa na koyi karanta bayansu kamar mai jarrabawa, ina neman wheat (alkama) da barley (sha'ir) da rye (hatsin ƙasashen sanyin nan) da semolina (semo), in na ga malt sai na bincika, don wani na dawa ne wani na sha'ir, in ban samu amsa ba na ajiye. Dunƙulen miya ma sai na karanta, yawanci dai na koma daddawa da busasshen kifi.

Sai injin niƙa. Wannan ya ba ni wahala fiye da komai, don injin unguwa wanda ya niƙa wa maƙwabciya alkamar tuwon mai ciwon suga shi zai niƙa miki masara bayan minti biyar. Ƙa'idar duniya ta abincin da za a kira marar gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, ki auna da kanki, ɓurɓushin burodi a kan faranti ya isa. Na samu wani mai inji da ba ya karɓar alkama, ga shi da nisa amma can nake aikawa, ƙananan niƙa kuma bilenda ta daban na saya. Rariya daban, muciya daban, matsamin taliya na fitar da shi daga kicin ɗin gaba ɗaya. Daga baya ma muka ga raba tukunya biyu ba zai yiwu ba, ga kuma yarinya tana kallon ƙanenta yana cin abin da aka hana ta, sai Abbansu ya ce kowa ya bi nata a cikin gida, mai son burodi ya ci a waje ya wanke hannu.

Cire alkama rabin aiki ne, sai an zuba abin da za a gina ƙashin da shi. Daga shekara 4 zuwa 8 ana so yaro ya samu kalsiyam miligiram 1,000 a rana, daga 9 zuwa 18 ya koma 1,300, kofi ɗaya na madara kuma wajen 300 ne, kin ga da aiki. Da farko madara na ƙara kumbura mata ciki, likitar ta ce hanjin da ya suɗe ba ya iya narkar da sukarin madara, zai dawo in ya warke, a fara da kindirmo. Hakan kuwa aka yi, wajen wata na huɗu ta fara shan madara lafiya. Na ƙara da riɗi, zogale, miyar kuka, ƙananan kifin nan da ake ci har ƙaya na daka su a miya. An ba ta bitamin D da ƙwayar kalsiyam da maganin jini, amma an ce kar a haɗa na jinin da kalsiyam lokaci ɗaya, ɗaya da safe ɗaya da dare, kuma banda shayi a kan abinci. Likitar ta ba ni labarin binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999, yara masu gwamen ƙafa ga rana har ta yi yawa, ashe kalsiyam ne babu a abincinsu, da aka ba su ƙashin ya gyaru. Ta ce kuma bayan an cire filasta kar in killace ta don tsoro, ƙashi sai ana taka shi yake ƙarfi, a bar ta ta yi tsallen igiya da 'yar gala-gala a tsakar gida. Wannan ya min wuya don duk tsallen da ta yi sai gabana ya faɗi.

Sati uku da farawa gudawa ta tsaya. Wata biyu ciki ya saɓe, yarinyar da ake bi da faranti ta koma neman ƙari, kukan dare ya ragu. Kuma a nan ne hatsarin yake, don da kowa ya ga ta warware sai aka fara "ai ta warke, ɗan kaɗan ba komai." Hajiya Babba da ƙauna take yi, na sani, ta ce min "'yar nan, yaushe alkama da ake ba marar lafiya ta zama cuta, wannan ai ciwon Turawa ne kuka ɗauko a waya." Ban iya musu da ita ba, Abbansu na sa ya zauna da ita. Gaskiya ne a Turai aka fara gane ta, wani likitan yara ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Dicke ne ya tabbatar da laifin alkama, an ga yaran da ke fama sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya ɓace, da burodi ya dawo ciwo ya dawo. Amma a duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a nan Afirka ne, cikin yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, sama da 5 cikin 100. Mu dai ba a cika nema ba ne a wajenmu, taifot ake nema.

A wata na shida aka sake tes ɗin jini, ya sauka amma ba yadda likitar ta so ba. Ta dube ni ta ce akwai inda yake shiga. Na rantse mata gidana babu, ta ce ta yarda, a duba waje. Sai da na zauna da yarinyar a hankali ba faɗa, ta ce ƙawarta na gutsura mata biskit a Islamiyya, ita kuma da ta ci cikinta bai yi ciwo ba sai ta ɗauka ta warke. Sannan na gano mai ƙosan da nake aike wajenta da safe a mai ɗaya take soya fanke. Ko sau ɗaya ba ta yi gudawa ba a duk wannan lokacin, ciki shiru, amma hanjin na ci gaba da ƙuna a ɓoye, ƙashin kuma na jiran hanji. Na je makarantar boko da Islamiyyar duka na yi wa malamai bayani, na fara sa mata nata abin taɓawa a jaka, gyaɗa, dabino, aya, kantun riɗi, ƙuli-ƙulin gida, har da na rabawa ƙawaye don kar ta zama ita kaɗai ce mai karɓa. Biki da suna da Sallah kuwa da kularmu muke tafiya, wasu su ji haushi su ce ƙyamar abincinsu muke, na daina damuwa da wannan.

Bayan wata 14 muka koma Abuja, wuri ɗaya inji ɗaya, don an ce in aka canza inji lambobin ba sa kwatantuwa da kyau. Wannan karon ban buɗe takardar a mota ba. Lambar Z ta dawo -1.4, ta ƙara tsawon santimita 8, jini ya hau ba tare da ƙwaya ba tun wata uku kafin nan, tTG ya kusa shiga iyaka. Likitar ta ce ba a gama ba, amma an fita daga inda ake tsoro, kuma shekarun zubi mafi girma suna gaba. Haƙoran da suka riga suka fito da tabo kam ba za su gyaru da abinci ba, likitan haƙori ke duba su.

Yanzu ta shiga 9, an ɗaga mata kalsiyam zuwa 1,300, tes ɗin jini kuma sau ɗaya a shekara in komai na tafiya daidai. Tunda cutar na bin jini, an ce cikin iyaye da 'yan uwa na ciki ɗaya kusan 1 cikin 10 kan fito da ita, an gwada ƙanenta da ni da Abbansu duk babu, sai dai an ce na yaron za a sake nan gaba don tana iya tasowa daga baya. Ƙanwar Abbansu ce ta tsaya min a rai, shekara da shekaru ana ce mata olsa, jini kullum ƙasa, ga ciwon baya tun ba ta kai 30 ba. Da ƙyar ta yarda, Hajiya Babba da kanta ce ta raka ta aka ɗebi jinin ranar Litinin, na kuma ja mata kunne kar ta daina cin burodinta sai rizol ya dawo daga Legas.